Tsoron da ke cikin waƙoƙin Black Sabbath

Ranar 5 ga Yulin 2025 mutum huɗun da suka kafa ƙungiyar kiɗan hebi metal ta Black Sabbath suka hau dandamali tare karo na ƙarshe, a filin ƙwallon Villa Park da ke Aston a birnin Birmingham na Ingila, unguwar da suka tashi. Ozzy Osbourne daga zaune ya rera, saboda ciwon Parkinson ya riga ya ci ƙarfin ƙafafunsa. Waƙa huɗu suka yi: War Pigs, N.I.B., Iron Man da Paranoid. Bayan kwana 17 Ozzy ya rasu yana da shekara 76.

Ƙungiyar nan ta fitar da kundi 19 tsakanin 1970 da 2013, amma duk waƙoƙin da ta zaɓa ta yi bankwana da su a shekara guda suka fito, wato 1970. Wannan kaɗai ya isa ya tayar da gardama tsakanin masoyanta, ko da yake dama gardamar ba ta taɓa kwantawa ba: wace waƙa ta fi, wane kundi, wane mawaƙi. Ina cikin masu gardamar, kuma ra'ayina ya tsaya ne kan abu guda da nake ji a waƙoƙinsu na farko, wanda ba na ji a wurin tarin ƙungiyoyin da suka kwaikwaye su. Muryar da ke cikin waƙoƙin nan ta mutumin da tsoro ya kama ce. Mabiyansu da yawa sun ɗauki baƙaƙen kaya da ƙarar jita da hotunan ƙwarangwal, suka tsaya a matsayin dodon da ke razana jama'a. Sabbath kuwa a gefen wanda dodon ya ritsa suke tsaye. Gwargwadon yadda tsoron nan yake raye a cikin waƙa, gwargwadon darajarta a wurina.

Ga wanda bai saba da hebi metal ba, kayan aikin ba su da yawa: jitar lantarki, jitar bas mai kaurin amo, ganguna, sai murya. Ginshiƙin waƙa shi ne rif, wato ɗan gajeren kiɗan jita da ake ta maimaitawa har ya zauna a kunne. Aikinsa kamar na taken basarake ne a hannun makaɗi: da an buga shi an san da wa ake, tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Tony Iommi shi ne mai rif a Sabbath, Geezer Butler ke riƙe da bas kuma shi ya rubuta yawancin baitocin da Ozzy ya rera, Bill Ward ke kan ganguna. Mutane da dama suna zaton Ozzy ne ya tsara kalmomin da suka ji a bakinsa. Shi karin waƙar yake kawowa, Butler ya zuba mata kalmomi.

Aston ɗin da suka tashi a ciki unguwar leburori ce, mai cike da masana'antun ƙarfe da kangayen da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu. Ozzy ya yi aiki a mahauta, ya yi aikin gwada hon ɗin mota a wata masana'anta, ya kuma yi mako shida a gidan yarin Winson Green saboda sata. Iommi yana da shekara 17 yana aiki a masana'antar falle-fallen ƙarfe, a ranarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye aikin ya rungumi kiɗa, inji ya datse masa kan yatsan tsakiya da na zobe a hannun dama. Shi bahago ne, don haka hannun daman ne ke danne tsirkiya. Wani shugabansa a wurin aiki ya kawo masa faifan Django Reinhardt, makaɗin jaz da gobara ta nakasa wa yatsu biyu amma ya ci gaba da kiɗa. Iommi ya narka robar sabulun wanke-wanke, ya ƙera wa yatsunsa 'yan huluna, ya lulluɓe su da fata. Da yake danne tsirkiya mai kauri yana yi masa zafi, sai ya koma amfani da sirara, har da na banjo.

Ana son a mayar da labarin yatsun nan tatsuniya, a ce haɗari guda ne ya haifi hebi metal. Ya taimaka, amma ba shi kaɗai ba ne. A 1968 da suka haɗu blues suke bugawa kamar sauran samarin Ingila na lokacin, da sunan Polka Tulk, daga baya Earth. Sun sha zama a gidajen rawa na Hamburg da Zurich suna kiɗa sa'o'i a jere a dare guda, waƙoƙin da suka iya ba su isa cika lokacin ba, dole suka riƙa jan kowace suna ƙirƙirar abin da za su cike gurbi. A nan mutum huɗun suka koyi numfashi tare. A 1969 suka sauya suna zuwa Black Sabbath, sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki, bayan sun lura cewa mutane suna biyan kuɗinsu a silima don a tsorata su.

Waƙar da ta buɗe kundinsu na farko, wadda ita ma sunanta Black Sabbath, har gobe ban ji wadda ta kamo ta ba a irin aikinta. Ruwan sama ne ke fara zuba, da tsawa, da ƙararrawar coci daga nesa. Sai jita ta faɗo da sauti uku kacal, a hankali ƙwarai, na ukun ya tsaya yana rawa a iska. Tazarar da ke tsakanin sautin farko da na ukun ita ce ke raba tsanin sauti gida biyu daidai, kuma kunne ba ya samun wurin zama a kanta, kullum jira yake a matsa sama ko ƙasa kaɗan. Iommi ya ƙi matsawa. Ana yawan cewa coci ta taɓa haramta wannan tazara, abin da kuwa ya tabbata shi ne malaman kiɗan Turai na da sun riƙa koya wa ɗalibai su kauce mata, har aka yi mata laƙabi da shaiɗanin kiɗa. Makaɗan blues da jaz kullum a cikinta suke, su kuma Sabbath sun ce daga wani kiɗan yaƙi na Gustav Holst, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, da Butler ke gwadawa a bas ɗinsa abin ya faro. Sabon abin da suka kawo shi ne jinkiri. Sun bar sautin ya daɗe har ya ishi mai sauraro.

To, me mawaƙin ke cewa a kan wannan kiɗa? Wani baƙin abu ne ya tsaya a gabansa yana nuna shi da yatsa, ya juya zai gudu, ya gane shi aka zaɓa, sai ya fashe da ihu yana roƙon Allah ya cece shi. Butler ya ce ya taɓa farkawa cikin dare ya ga wata baƙar siffa a ƙarshen gadonsa, a lokacin da yake karance-karancen littattafan tsafi, kuma abin ya sa ya watsar da su. Ko mafarki ne ko ido biyu, waƙar gargaɗi ce ta wanda ya leƙa ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Muryar Ozzy ta dace da ita ne saboda ba murya ce mai ado ba. Siririya ce, ta hanci, ba ta lanƙwasa, kamar ta yaron da ya ɓata a duhu. Da a ce gwanin mawaƙi ne ya rera ta, da ta zama wasan kwaikwayo.

A rana guda suka naɗi kundin a Landan cikin Oktoban 1969, kusan yadda suke buga shi a gaban jama'a, aka fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970, ranar da Turawa ke camfawa. Masu sharhin kiɗa suka yi masa kaca-kaca, Lester Bangs na mujallar Rolling Stone yana kan gaba. Samarin masana'antu kuwa suka saya har ya kai na 8 a jerin kundayen Birtaniya.

Zargin bautar shaiɗan da aka riƙa yi musu daga nan ya samo asali, kuma ba zan ce ba su da hannu ba, don tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Su suka zaɓi sunan. Kamfanin faifai na Vertigo ya buga gicciye a kife a cikin bangon kundin ba tare da shawararsu ba, ga kuma wata ƙungiya mai suna Black Widow da take wasan yanka na ƙarya a dandamali, ana ta rikita su da ita. A cikin kundin ma akwai N.I.B., inda Iblis ne ke magana, wai ya kamu da son wata mace. Butler ya ce da raha ya rubuta ta. Ni dai bas ɗin da ya buɗe ta nake so, baitocin ba su taɓa burge ni ba, kuma ita ce waƙar farko da suka tsallaka gefen dodo. Amma su kansu sun ba da labarin cewa wasu matsafa sun gayyace su wasa a Stonehenge, wurin tsoffin duwatsun tarihi a Ingila, suka ƙi, aka ce an yi musu asiri, mahaifin Ozzy ya ƙera musu gicciye na alminiyam suka rataya don tsari. Butler ɗan gidan Katolika ne 'yan asalin Ireland, kuma duk wanda ya bi baitocinsa zai ga shaiɗan ɗinsa na wa'azin coci ne: maƙiyi, mai yaudara, mai jiran azzalumai a lahira.

War Pigs ce ta fi nuna haka, kuma a wurina ita ce waƙarsu mafi cika. Jiniyar harin jirgin sama ce ke kuka a farkonta, sautin da iyayensu suka sha ji suna gudu zuwa ramukan ɓuya. Daga nan komai ya yanke, sai sara biyu na jita, sai shiru, ba abin da ke motsi in ba farantan ƙarfen Ward da ke ƙirga lokaci ba, Ozzy ya jefa baiti shi kaɗai cikin shirun. Janar-janar ne suka taru kamar mayu a wurin tsafi, 'yan siyasa suka kunna yaƙi suka ɓuya, suka tura talakawa su mutu. A ƙarshe ranar hisabi ta zo, ga su suna rarrafe suna neman gafara, shaiɗan yana musu dariya. Birtaniya ba ta aika soja Biyetnam ba, amma Butler ya ce a lokacin yana cikin fargabar za a shigar da ita a kuma kira shi. Ana jin fargabar. 'Yan hipi na San Francisco ma sun yi waƙoƙin ƙin yaƙi, suna kiran a rungumi juna a yi ƙauna. Ta Sabbath ba ta sa ran za a ga adalci a duniya ko kaɗan, shi ya sa ta kai ƙara lahira.

A waƙar nan ne kuma ya kamata a saurari Bill Ward da kyau, mutumin da aka fi tauye wa haƙƙi a cikin su huɗun. Kiɗan manyan gangunan jaz irin su Gene Krupa da Buddy Rich ya tashi yana ji. Ba ya dukan ganga kai tsaye kan ƙa'ida kamar agogo. Yakan ɗan ja baya, ya bar rif ɗin ya yi gaba, sannan ya gangaro a kansa. Butler ma ba bin Iommi kawai yake ba, yana zagaye shi, yana lanƙwasa tsirkiya a inda jita ta tsaya. Shi ya sa rif ɗin Iommi, duk nauyinsa, yake rangaji. Ka ji wata ƙungiyar zamani ta sake buga War Pigs da ganguna masu tafiya daidai wa daida, za ka ga ƙarar ta ƙaru, nauyin ya ragu.

Sunan War Pigs aka so a sa wa kundi na biyu, kamfani ya ƙi, aka sa masa Paranoid, shi ya sa hoton bangon, wani mutum da takobi da garkuwa, bai da alaƙa da sunan. Ya fito a Satumban 1970 ya hau na 1 a Birtaniya. Ita waƙar Paranoid cike gurbi ce: an gama aiki aka ga kundin ya gaza da 'yan mintuna, Iommi ya ƙirƙiro rif nan take, cikin abin da bai kai awa guda ba aka kammala. Ba ta kai minti uku ba, ta kai na 4 a jerin waƙoƙi, ta zama abin da duniya ta fi sanin su da shi. Ba na ƙinta. Baitocinta na mutumin da damuwa ta rufe, wanda ba ya iya jin daɗin komai, gaskiya ne ƙwarai a zamanin da namiji ɗan leburori ba ya faɗin irin wannan a fili. Amma kiɗan gudu yake, bai bar wa tsoron wurin zama ba, Ward kuma ba shi da abin yi sai bin layi. In da ita kaɗai mutum ya san Sabbath, to bai shiga gidan ba tukuna.

Iron Man ta fi ta, ko da yake yawan jinta ya sa ta dusashe a kunne. Ba ruwanta da jarumin littattafan zane na Marvel. Labarin wani ne da ya je gaba a zamani ya ga halakar duniya, a hanyar dawowa wani filin maganaɗisu ya mayar da shi ƙarfe, ya kasa magana, mutanen da ya zo yi wa gargaɗi suka yi ta masa ba'a, har fushi ya ci shi ya hallaka su. Ashe halakar da ya gani shi ne sanadinta. A nan muryar Ozzy tana taka sawun rif ɗin sauti bayan sauti, abin da malamin kiɗa zai kira kasala, amma shi ke sa ka ji takun mutumin ƙarfen.

Wadda nake tura mutane su nema a kundin ita ce Hand of Doom. Sabbath sun yi wasa a sansanonin sojan Amurka a Turai, Butler ya ga samarin da suka dawo daga Biyetnam suna tsira wa kansu allurar hiroyin don su manta abin da suka gani. Waƙar tana farawa da bas a ƙasa-ƙasa, kamar mai raɗa, Ward yana ɗan ƙwanƙwasa gefen ganga, sai ta fashe, sai ta koma raɗa, haka har mutumin ya mutu a baiti na ƙarshe. Babu wata ƙawa da aka yi wa ƙwayar. A 1970 ƙungiyoyi nawa ne ke faɗin haka?

Kundi na uku, Master of Reality na Yulin 1971, shi ne na ɗora a sama da duka. A nan ne Iommi ya sassauta tsirkiyoyinsa ya saukar da su mataki ɗaya da rabi don yatsunsa su huta, Butler ya bi shi, amon ya yi kauri ya yi duhu irin wanda ba a taɓa ji ba. Kundin bai wuce minti 35 ba, amma rassa guda-guda na kiɗan metal daga cikinsa suka tsiro, har ƙungiyoyin Seattle irin su Soundgarden, waɗanda suka sake buga Into the Void shekaru ashirin bayan haka. Into the Void labarin 'yan tsirarun da suka hau kumbo suka gudu daga duniyar da yaƙi da gurɓata suka cinye ne, rif ɗinta kuma yana tafiya ne kamar mai jan kaya a taɓo. Children of the Grave sukuwa take, Ward ya ƙara wasu ganguna a sama suna ta kaɗawa kamar ana kiran gayya, tana gaya wa matasa su tashi kafin makamin ƙare-dangi ya mai da su 'ya'yan kabari. Sai After Forever, wadda ya kamata masu zargin bautar shaiɗan su ji: tambayar mai sauraro take ko ya taɓa tunanin makomar ransa bayan mutuwa, ko kunyar abokai ce ta hana shi cewa ya yi imani da Allah. Wa'azi ne tsagwaronsa, an ɗora shi kan jitar da ta fi kowace kauri a shekarar.

Amma kundin nan da tari yake buɗewa, tarin Iommi bayan ya zuƙi tabar wiwi, kuma Sweet Leaf da ta biyo baya waƙar soyayya ce ga tabar. Rif ɗin ya yi, ba musu. Sai dai mutanen da suka rubuta Hand of Doom shekara guda kafin nan su ne yanzu ke yi wa abin maye kirari, kuma daga nan hanya ta fara karkata.

A 1972 suka tare a wani katafaren gida a Bel Air da ke Los Angeles don yin kundi na huɗu, Vol. 4. Kuɗi ya zo, hodar iblis ta zo. Butler ya taɓa cewa abin da suka kashe kan hodar ya fi abin da suka kashe wajen naɗar kundin, har sun so su sa masa suna Snowblind, sunan waƙar da suka yi wa hodar, kamfani ya hana. Masoya da yawa suna cewa wannan ne kundinsu mafi kyau, kuma na san dalilinsu: Supernaut tana ciki, inda Ward ya sake jiki ya yi kiɗan da ke sa mutum rawa ko bai so ba, waƙar da makaɗin Amurka Frank Zappa ya ce yana ƙauna. Ni abin da nake ji shi ne tsoron ya fara sauya wuri. Da yaƙi ne da bam da lahira, abubuwan da ke kan kowa. Yanzu ya koma cikin kan mutum huɗu masu kuɗi da suka kulle kansu a gida. Changes, waƙar fiyano kan rabuwar Ward da matarsa, ta nuna iyakar muryar Ozzy. Sai da Charles Bradley, dattijon mawaƙin soul na Amurka, ya rera ta bayan shekara arba'in, sannan na gane waƙa ce mai kyau da ta daɗe tana jiran maƙogwaron da ya dace da ita.

Sabbath Bloody Sabbath na 1973 ya fi kowanne ado, da kayan kiɗa iri-iri, har Rick Wakeman na ƙungiyar Yes ya taɓa musu fiyano. Masu sharhin da suka zage su a baya a nan suka fara yabo, abin da ya sa nake ɗan zarginsa. Sabotage na 1975 ya fi kama ni, don a nan wani sabon tsoro na gaske ya same su: sun farga cewa bayan miliyoyin faifan da suka sayar kusan ba su mallaki komai ba, suna shari'a da tsohon manajansu, ana kawo musu sammaci har cikin situdiyo. Ozzy bai taɓa rera waƙa da ƙarfi da ɗaci kamar a kundin nan ba. Rif ɗin Symptom of the Universe, mai sara da sauri a tsirkiya ɗaya, shi ne zanen da ƙungiyoyin Metallica da Slayer suka gina gidajensu a kai a shekarun 1980. Kundi biyun da suka biyo, na 1976 da na 1978, ba ni da abin cewa a kansu da yawa. A yawon wasan 1978 Van Halen, samarin da ke buɗe musu fage, su ke tashi da taron kowane dare. A Afrilun 1979 aka sallami Ozzy saboda shaye-shaye, a ƙungiyar da babu mai tsarki a cikinta.

Nan ne babbar gardamar take. Ronnie James Dio, Ba'amurke ɗan asalin Italiya da ya baro ƙungiyar Rainbow, ya maye gurbinsa, suka fitar da Heaven and Hell a 1980, sai Mob Rules a 1981. Idan ana maganar iya waƙa, babu haɗi. Dio gajere ne, amma muryarsa tana cika fili, tana hawa tana sauka yadda ya ga dama. Iommi da kansa ya bayyana bambancin: Ozzy bin rif yake, Dio kuwa ratsa shi yake, yana gina nasa karin a kansa, abin da ya ba Iommi damar rubuta irin kiɗan da bai taɓa yi ba. Dio ne kuma ya yaɗa alamar nan ta ɗaga manuniya da ƙaramin yatsa da masoya metal ke yi a ko'ina. Ya ce daga kakarsa ya gani, tana yi don kare kai daga mugun ido. Waƙar Heaven and Hell da Children of the Sea da The Sign of the Southern Cross suna cikin mafi kyawun abin da aka taɓa yi a wannan fanni, ba na jayayya.

Sai dai Dio da kansa yake rubuta baitocinsa, Butler ya ajiye alƙalami, kuma duniyar Dio ta sarakuna ce da mayaƙa da bakan gizo da dodanni. Ko lokacin da yake maganar mugunta, daga sama yake magana, kamar mai hikimar da ya riga ya san ƙarshen labari. Ba za ka taɓa jin cewa abin zai iya cinye shi ba. Waƙoƙinsa suna sa ka ji ƙarfi, ka ɗaga hannu. Na Ozzy da Butler suna sa ka waiga bayanka. Yawancin metal ɗin da ya biyo baya hanyar Dio ya bi, kuma na fahimta, don saurayin da duniya ta matse ya fi son a ce masa shi jarumi ne. Lokacin da suka sake haɗuwa da Dio daga 2006 har rasuwarsa a Mayun 2010, sunan Heaven & Hell suka yi amfani da shi. Ko mene ne dalilin hakan na shari'a da kasuwanci, a kunnena sunan ya faɗi gaskiya: wata ƙungiya ce dabam, mai kyau ƙwarai, da ta yi tarayya da Sabbath a mai jita da mai bas.

Kundi na ƙarshe, 13, ya fito a Yunin 2013, Iommi yana fama da kansar jini a lokacin da ake yin sa. Furodusa Rick Rubin ya zaunar da su ya sa su sake sauraron kundinsu na farko, ya ce su yi kamar shi ne kaɗai suka taɓa yi. Ya hau na 1 a Birtaniya da Amurka, karo na farko ke nan a Amurka, waƙar God Is Dead? kuma ta ci kyautar Grammy. Butler ya koma rubutu, dattawa ne yanzu da mutuwa ke yi wa sallama da gaske, kuma akwai wuraren da tsohon tsoron ke leƙowa. Amma Ward ba ya ciki, saboda saɓani kan kwantiragi. Brad Wilk, mai gangunan ƙungiyar Rage Against the Machine, ne ya zauna a kujerarsa, ya yi aiki tsaf, kowane duka a inda ya kamata. Nakan saurari kundin in ji rif ɗin Iommi yana jiran wanda zai ja shi baya ya gangaro a kansa, ba kowa. A jerina yana ƙasa da Sabotage, yana sama da kundi biyun ƙarshen shekarun 1970.